Amanar Asumanu

Ran da Asumanu zai hau motar Abijan
bai bar mini akuya ba, bai bar mini ko kaza ba.
Keji ya ajiye a gindin zogalen tsakar gida,
tsohon akwatin tumatir da ya rufe da ragar taga,
ya ce, "Inna, ga amana."
Na leƙa, ban ga komai ba sai reshe.
Sai reshen ya juyo ido ɗaya ya dube ni.

Ni da uwata ta hana ni ko nuna ta da yatsa,
ni da nake sake hanya in na gan ta a shingen lambu,
yau ga hawainiya a gidana, nan Tawa,
tana jiran kalaci daga hannuna.

Na ba ta tuwo, ta ƙi.
Na zuba mata fura a murfin gwangwani, ko kallo.
Na sayo soyayyar fara ta dala ashirin, har da yaji,
ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Da ya kira, dariya ta hana shi magana:
"Mai rai take ci, Inna.
Abin da ba ya motsi ba abinci ba ne a wurinta."

To, ga ni da furfura ina farauta.
Bayan isha'i, in ba a ɗauke wuta ba,
ni da jikata Zali ƙarƙashin fitilar mai shago,
muna cafke gyare da babe
muna jefawa a tsohuwar butar da muka huda.
Habsu ta leƙo ta katanga:
"Wai ke bokanci kika koma?
Hawainiyarki dai ta kiyayi ramata."
Na ce ramar da tsutsa ta gama da ita?
Bari in shigo in tsince su, ki gode mini.

Ruwa ma ba ta sha a kwano.
Sai na jiƙa sabuwar tsintsiya na yarfa wa ganye da asuba,
ta bi ɗigo ɗaya bayan ɗaya
kamar mai jan carbi.
Da hantsi in fitar da ita ta sha rana,
kafin azahar in mayar da ita inuwa.
Da bazara ta tsananta na lulluɓe kejin da jiƙaƙƙen buhu,
gatan da ko randata ba ta samu ba.

Wata safiya na tarar fatarta ta yi fari, tana tsagewa.
Na zauna daɓas a ƙasa.
Me zan ce wa yaron?
Kwana biyu ina kewaya keji, tuwo ba ya shiga.
Ashe riga take tuɓewa,
ta fito kore shar kamar yakuwa bayan ruwan fari.

Ka gan ta tana tafiya:
ta ɗaga ƙafa, ta yi shawara, ta fasa, ta sake ɗagawa,
kamar tsohuwa a bakin kwalta ranar kasuwa.
Amma harshen!
Zali ta rantse ba za ta ƙifta ba sai ta gani,
har yau ba ta gani ba.

Damina biyu ke nan.
In ya kira, "Ta ci?" yake fara tambaya,
sannan gwiwata, sannan kuɗin da ya aiko.
Na ce yaushe za ka zo ka karɓi kayanka?
Ya ce bayan salla.
Bai faɗi wace salla ba.

Na daina rufe kejin.
Tana hawa zogale, tana saukowa da kanta,
ido ɗaya a kaina,
ɗaya a bakin zaure.
Ban koya mata ba.

Zali, tashi, an kawo wuta.
Ɗauko butar.