Tukunya Ɗaya a Tudun Wada

Ƙarfe shida nake barin ɗaki,
ba komai a cikina sai ruwan leda.
Lacca ta farko, ta biyu,
sai shagon gyaran waya a Kasuwar Bacci,
inda nake buɗe cikin wayoyin mutane
nawa cikin yana ƙugi, ba mai duba shi.

Azahar ta same ni kan biredi da lemo.
La'asar, gyaɗar naira ɗari.
Da dare indomi biyu, da ƙwai in an samu,
a tsaye nake ci, cokali a dama,
hagu na juya takardun gwajin gobe.
Wata bakwai a haka.

Wata Laraba, cikin keke, daidai shataletale,
wani abu ya murɗe ni kamar ana matse tsumma.
Likita ta dubi takarda, ta dube ni.
"Gyambon ciki ne. Wa ke dafa maka abinci?"
Na ce mai shayi.
Ba ta yi dariya ba.

Didam, abokin ɗakina, ɗan Zonkwa,
wanda na daɗe ina yi wa tsiya
don yana yankan albasa kamar gidan suna,
shi ya dire kwano a bakin katifata.
Faten acca ne, ya ji gauta da ganye.
Na sha, gumi ya keto,
hanjina suka shiga gaisawa da juna
kamar dangin da suka shekara ba zumunci.

Ya ce, "Kai ne kullum ba lokaci.
Wake ya ce sai ka yi gadinsa?
Jiƙa shi, tafi masallaci,
ka dawo ka tarar ya yi rabin aikinka."

Ɗanwakena na farko kunu ya zama.
Shinkafa ta caɓe, ƙasanta ya ƙone,
gas ya ƙare miya na tsakiyar tafasa,
na je roƙon garwashi ɗakin Maman Ishaya,
yaranta na leƙe suna ƙunshe baki.
Na kira Inna a Soba:
gishiri cokali nawa?
Ta yi dariya har katina ya kusa ƙarewa.
"Cokali? Yatsunka uku, ɗan nan,
sauran harshenka zai gaya maka."
Ran Juma'a saƙonta ya iso a motar kasuwa:
busasshen zogale, ƙuli-ƙuli,
daddawa ƙulle a tsohon ɗankwali.

Yanzu Lahadi tamu ce.
In ya dawo daga coci, na idar da la'asar,
mu gangara wurin Goggo Lantana
sa'ad da tumatir ya gaji da rana, kuɗinsa ya sauko.
Tana zaginmu, tana ƙara mana gyara.
Miyar kwana uku a tukunya ɗaya,
ba firji, wutar ma sai ta ga dama,
ɗumame safe da dare shi ke riƙe ta.
Ranar da ba hali, kwaɗon zogale,
kafin shayi ya huce an gama.

Har yanzu akwai daren da nake faɗuwa
da takalmi a ƙafa, tukunya ba wanki.
Har yanzu mai shayi na ɗaga min hannu,
wani sa'in ina amsawa.

Jiya a shago na buɗe kula,
ƙamshin daddawa ya rufe warin dalma.
Maigida Sallau ya ajiye wayar da ke hannunsa:
"Kai, Mudassir, wace yarinya ce?
Ka kai kuɗin gaisuwa kafin a riga ka."

Na miƙa masa cokali.
Can a ɗaki, ƙarƙashin faranti,
waken gobe na shan ruwa.