Agogon Sista Kangyang

Shekara talatin da ɗaya Baba na gyaran agogo
a bakin Taminus, ƙarƙashin laima mai huji biyu,
gilashi a ido ɗaya, hantsaki a yatsu,
yana tsintar kusar da ba ta kai ƙwayar acca ba.

Yau cokali ya fi ƙarfinsa.

Likitan Lamingo bai yi mana rufa-rufa ba.
Ya ce jijiyoyi ne ke mutuwa bi da bi,
kamar yadda ake ɗauke wuta unguwa-unguwa,
kuma wannan wutar ba a dawo da ita.
Amma da sauran aiki, in ji shi, aiki mai yawa.

Ran Talata Sista Kangyang ke hawo mana Gangare
da jakarta, tana haki, tana yi wa dutse tsiya.
Ita ta koya mini kaurin kunu:
in ya tsinke ya ƙware shi, in ya cika kauri ya tsaya a wuya.
Ta koya mini juyi duk awa biyu,
hagu, rigingine, dama,
matashi tsakanin gwiwoyi, man kaɗanya a dunduniya,
ɗigon maganin zafi a gefen kunci
kafin zafin ya yi sallama.

Muryarsa ta tafi tare da damina.
Saura ido: ƙiftawa ɗaya, i; biyu, a'a.

Talatar nan ya ƙura mata ido, ya ƙi ɗaukewa.
Zafi ne, Baba? Biyu.
Ƙishirwa? Biyu.
Sanyi? Ga bargo uku, amma na tambaya. Biyu.
Gabana ya faɗi. Na ɗauka abin da muke tsoro ne ya iso.

Sai ta bi idon nasa
har kan ɗan agogon da ta maƙala a riga.
Latti yake yi? Ɗaya.
Minti nawa?
Ya ƙifta, ya ƙifta, ya ƙifta, ya ƙifta.
Muka duba waya. Huɗu cif.

Na jawo akwatin da muka tura ƙarƙashin gado,
na hure ƙura, na saka gilashin a idona.
Hannu nawa, ido nasa.
Wannan? Biyu. Wannan? Biyu.
Sau bakwai ina kuskure yana haƙuri,
shi da a da ko ɗaya ba ya yafe wa yaron shago.

Ta rubuta a takarda: gyambo babu, zafi da sauƙi,
numfashi ya ɗan ja baya.
Ta ce, nawa ne kuɗin gyara?

Gefen bakinsa na dama ya motsa.

Ƙarfe huɗu ta yi.
Muka juya shi hagu.