Kwabo Saba'in

Ƙarfe huɗu na asuba bas ke ɗaukata daga Peckham,
mu goma sha, kowa na gyangyaɗi da jaka a cinya.
Kafin Landan ta buɗe ido mun wanke mata fuska,
mu fice ta ƙofar baya
kamar waɗanda suka yi sata.

Hawa na talatin da ɗaya nawa ne.
Na san teburin kowa, ban san fuskar kowa ba:
mai barin ɓawon lemo a kofi,
mai hoton kare,
mai zubar da ƙwayar hawan jini ƙarƙashin kujera.
Wata Laraba na tsinci rasit a kwandon shara,
abincin rana, mutum uku, fam ɗari huɗu da sha biyu.
Na tsaya na lissafa da yatsu cikin safar roba.
Kwana takwas da rabi na durƙuso.
Na ninke shi, na sa a aljihu
kamar laya.

Maureen ta ƙungiya ta zo da takardu,
gashinta fari, muryarta kamar ta mai tallan kifi.
Ta ce kwabo saba'in kan kowace awa,
da kuɗin jinya in mutum ya kwanta.
Na ce mata ina da uwa a Maraɗi
mai jiran ƙarar waya duk ƙarshen wata,
kuma an raine ni kan haƙuri.
Ta ce ita ma.
Ta ce shekara arba'in tana haƙuri, ga gwiwarta.

Da dare na zana gicciye a ɗan akwati,
hannuna na rawa,
na liƙe ambulan da yawu na yi bisimilla.

Ranar farko ruwa ya dake mu.
Bozena ta kawo burodi mai tsami,
Hodan ta kawo shayi mai citta,
Yolanda ta ɗauko murfin tukunya da cokali,
ta kaɗa har ɗan sanda ya kau da kai yana murmushi.
Harsuna bakwai, ba mai jin wata sosai,
amma kowa ta san kalmar haya
da kalmar ciwon baya.
Masu kwat suka wuce mu idonsu a waya.
Ɗaya ya tsaya, ya ce: dama ku ne?
Dama mu ne.

Rana ta huɗu farar mota ta sauke waɗansu
da sababbin bokitai.
Na uku a layi na san tafiyarsa:
Ɗanladi, da muke sallar Idi a zaure ɗaya,
wanda matarsa ta haihu watan jiya.
Ya sunkuyar da kai ya ce, sannu da aiki.
Wane aiki, Ɗanladi?
Na buɗe baki in zage shi, sai na tuna na je suna,
na ga ɗakin, na ga bangon da ke tsatsar ruwa.
Na ce masa, tsohon teburin kusurwa ba ya son a taɓa masa takardu.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
To, kura ta zauna kwana tara.
Shara ta hau, banɗaki ya yi magana,
gilashi ya daina nuna musu kyansu.

Sun ba da kwabo hamsin.
Jinya kwana uku, ba biyar ba.
Bozena kuwa, an ce kwangilarta ta ƙare,
Maureen na can tana bin maganar ofis ofis.

Yau Litinin, na koma hawana.
Kogi a ƙasa baƙi ƙirin, fitilu na iyo a kai.
Rasit ɗin na nan, tawadarsa ta kusa gogewa.
Na jiƙa tsumma.
A ɗakin ajiya ƙugiyar Bozena ba kowa,
mun hana a rataya komai.