Ƙafa Biyu ko Huɗu

Tun hantsi nake tsaye a filin Barma dillali,
can bakin hanyar Tanut,
inda ake jera motoci kamar raguna ran jajibere.
Biyu suka hana ni tafiya.
Farare ne dukansu, uwa ɗaya uba ɗaya,
ta hagu da ƙafar baya kawai take turawa,
ta dama kat-kat ce, huɗun duka suna cizon ƙasa.
Tsakaninsu taku uku ne,
da miliyan biyu da jaka ɗari huɗu.

Barma ya ce, "Sayi mai tsada, ka yi kuka sau ɗaya."
Ai dole ya faɗa. La'adarsa ta fi kauri a dama.

Kiyari makanike ya shiga ƙarƙashi,
ya fito da baƙin mai a goshi.
Ya ce, "Laminu, kowane ƙarfe da aka ƙara mata
baki ne, zai nemi abinci.
Gazuwal za ta sha kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma.
Ran da gabanta ya yi tari kuwa,
sai an aika Kano,
ka yi sati biyu kana gaishe ta a kan duwatsu."

Na koma gindin dogon yaro na buɗe littafin aiki.
Ni mai gyaran famfo ne, ba ɗan yawon buɗe ido ba.
Mirriya, kwalta.
Takeita, kwalta.
Matamai da Magariya, ko da ramuka, kwalta ce.
Bara na yi fita ɗari da tamanin,
sau huɗu kacal na kafe.
Huɗu!
Alƙalami ya ce kada ka sayi giwa don ɗaukar buhu ɗaya.

To amma alƙalami bai kwana a hanyar Belbeji ba.

Tsohuwar motata ta nutse har ciki bayan azahar.
Na rage iskar taya, na haƙa,
na sari sabara na shimfiɗa,
ƙafar baya tana juyi tana tona wa kanta kabari,
ta gaba tana zaune kamar baƙuwa a gidan biki.
A nan rana ta faɗi, a nan ta fito.
Bijimai biyu na wani makiyayi suka fid da ni,
ya ƙi karɓar ko dala.

Da na isa garin,
jarkoki rawaya sun yi layi tun daga famfo har masallaci.
Kwana uku ba ɗigo.
Na shirya kunnena don faɗa,
sai wata tsohuwa ta ce, "Sannu, ɗan nan, mun san hanya ce,"
ta miƙo mini ƙwarya,
ruwan tabki ne, ja, da ɗan tsaki a ƙasa.
Na sha.
Abin da ya lalace wata ƴar roba ce ta jaka ɗaya da rabi.
Minti ashirin na yi.

A wane shafi ake rubuta wannan?

Dije kuma tana da nata littafin, ba a takarda ba.
Ɗakinmu na Garin Malam yana yoyo ta kusurwa biyu,
Sakina za ta shiga jami'a bana,
kuma miliyan biyu ba a tsintar su a gindin duwatsun Birni.
Jiya ta ce, "Don kwana huɗu za ka ciyar da ita shekara?"
Na rasa amsa, na ƙara miya.

La'asar ta yi. Barma yana kaɗa makullai biyu a yatsa.
Na zagaya ta dama, na taɓa ɗan sandan nan kusa da giya,
ƙarami, bai kai muciya ba,
shi ne duk rigimar.

Na ce, "Ajiye mini ta dama zuwa Alhamis."
Ya ce, "Ta hagun fa?"
Na ce, "Ita ma."

A hanyar gida na ratsa kasuwar Dole,
na sayi sabon shebur mai ƙota ta ƙirya.
Kowacce na ɗauka,
rairayin Damargu bai san sunan mota ba.