Ƙofar da Ba Ta Cikin Ganuwa

Kwalbar ba ta kai ɗan yatsana ba.
Wata uku tana hanya,
ta kwana Legas, ta kwana Kano,
ta iso Katsina ƙanƙararta ta fara hawaye.
Malam Rabe ya karɓe ta hannu biyu
kamar wanda aka miƙa wa jinjiri.

Kuɗinta? Bar tambaya.
Keken ɗinki biyu ne, har da canji.

A cikinta akwai abin da jinin zomo ya haddace:
fuska ɗaya tak ya sani a duniya,
fuskar wata ƙofa a jikin tsoka
inda rabin gishiri ke wucewa
don naman da ya ɗaure ya samu ya saki.

Mu 'yan garin ƙofofi ne.
Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa,
na iya su tun ina firamare.
Ba wanda ya gaya mini akwai wata
a cikin hannun yayana Sada.

Sada tela ne.
In ya damƙi almakashi da safe,
sai yatsunsa sun ga dama su buɗe.
In kun gaisa zai riƙe ka ya wuce kima,
mutane su ce, kai, Sada akwai zumunci.
Dariya yake yi.
Ya sha saiwa, ya sha sassaƙe,
an ce sanyi ne, an ce jifa ne.

Daren Laraba aka ɗauke wuta.
Na zauna gaban firji ina ƙirga mintoci,
Malam Rabe a waje yana lallashin janareta
kamar jakin da ya ƙi tashi.
Da ya yi tari ya kama,
ban san hamdala ta fita da ƙarfi haka ba.

Na yanka tsoka, ta fi bawon albasa sirantaka,
na ɗiga, na wanke, na ɗiga, na jira.
Na kashe fitila, na ɗora ido a madubi.

Ta lafiyayyen ɓera:
kore ya kewaye kowane zare
kamar an jera aci-bal-bal a kan ganuwa.
Ta mai irin ciwon Sada:
duhu.
Ɗigo nan, ɗigo can.

Ba magani ba ne, na sani.
Hoton ƙofar da ta cije ne kawai.
Amma gobe zan kai masa a waya,
in ce, Yaya, ba jifa ba ne,
in miƙa masa hannu,
in bar shi ya riƙe
iya yadda yatsunsa suka so.