Gaiwa a Cikin Jinina

A bakin ruwan Yauri sunana Gado mai fito.
A asibiti ni ne ɗari da arba'in da bakwai.
Malama Kubura ta ce lamba rufin asiri ce:
kwalbar jinina za ta je garin da ban taɓa takawa ba,
ba mai sanin ɗan gidan wane ne a ciki.

Ranar farko ta karanta min takarda shafi tara,
da Hausa, a tsanake, tana tsayawa in na ɗaga gira.
"Kana iya cewa a'a. Kana iya fita ko gobe,
maganinka ba zai yanke ba."
Na ce, to ku me kuke nema?
Ta ce, "Abin da ba mu sani ba tukuna."
Nan na dangwala yatsa.
Mai maganin kasuwa bai taɓa ce min bai sani ba.

Aka yi ƙuri'a, ba ita ta zaɓa ba, ba ni ba.
Wasu ƙwaya kullum, wasu allura duk wata biyu.
Allura ta faɗo kaina.
Kwana uku ina tuƙi a karkace,
fasinja na tambaya ko ƙusa na zauna a kai.

Shekara shida kafin nan ina ɓoye magani
a gwangwanin ƙugiya, ƙarƙashin koma,
in haɗiye kafin kiran assalatu
don kada yaran jirgi su ji ƙarar murfi.
Yanzu ƙugiya ce kaɗai a gwangwanin.

Komai sai sun rubuta.
Ciwon kai, sun rubuta.
Zazzaɓin damina, tari na kwana huɗu,
har mafarkin da na yi jirgina na tafiya a kan yashi,
Kubura ta yi dariya, amma ta rubuta.

Wata na shida ta juyo takarda wajena:
"Mun duba, na'ura ba ta ga ƙwayar cutar ba."
Na ce, ta tafi ke nan?
Ta girgiza kai, tana neman kalma.
Na ce bari in taya ki, Malama.
Gaiwa ce.
Fadama kan bushe har ta tsage,
ka bi ta kai da ƙafa, ka rantse ba kifi,
ita kuwa tana ƙasa, naɗe cikin laka,
tana jiran ruwan fari.
Aikina in hana mata damina.

Ta ajiye biro ta dube ni.
Wannan ma, ina jin, ta rubuta.

Tumba matata an gwada ta sau biyar, lafiya lau.
Ɗiyarmu ta goye ma haka,
ga ta nan tana tauna igiyar jirgi da haƙori biyu.

Abu guda ke cina.
Jiya na ce, in kun gama bincike kun naɗe takardu,
allurar za ta tsaya a Yauri,
ko za ta bi kwalaben jininmu ta wuce?
Ta yi shiru, ba ta yi min ƙarya ba.
"Zan kai tambayarka sama, da lambarka a jiki."

Na sauke hannun riga, na gangara bakin Kwara.
Mutum goma sha ɗaya na jirana da buhunan albasa,
ruwa ya ƙaru da dare,
kuma tsallaken da nisa.