Ku Zaɓa Mini Abin Kunya

Jiya da la'asar wayata ta yi ƙara:
sidi hamsin daga wani a Kejetiya,
bai ko sa suna ba.
Da shi muka haye dubu goma.
Rabin kwanon rufi ke nan
na ɗakin karatun yaranmu a Aboabo,
inda bokiti bakwai ke gadi duk damina.

Bakina ne ya ja mini:
kowane mataki muka hau, bidiyo ɗaya.
A dubu biyar na shanye kokon Barikisu,
kofi shida, ba ko ƙosai.
Kuka yi dariya, kuka ƙaro.

Yanzu dabara ta ƙare.
Fusaini ya ce in zama yaron tirotiro,
in kira Adum da muryata ta agwagwa.
Zaliya ta ce in aske gemu gefe guda.
Matata ta ce in wanke tukwane,
wai shi ne duniya ba ta taɓa gani ba.

Ku fa? Ku faɗi naku.
Kunyata araha ce,
kwano ne ke tsada.
Ban da hawa rufi dai,
don babu shi tukuna.